Me yasa wanda kuka fito aji ɗaya ya wuce ka a wurin aiki? Fashin baƙi kan iya mu'amala

Akwai wasu kalmomi da in na gansu a CV ɗin mai neman aiki yanzu idona da kansa yake tsallake su, ba don komai ba sai don kowa ma su yake rubutawa: wai ni mutum ne mai ƙwazo, na iya aiki da jama'a, na iya magana, ina jure matsin aiki. Na taɓa zama cikin masu tace takardun masu neman wani aiki, tun ina karantawa da zuciya ɗaya har na fara zargin ko mutum ɗaya ne ya zauna ya rubuta musu duka. Kuma wasunsu fa ba ƙarya suke ba, matsalar ita ce mai gaskiya da mai shaci-faɗi duk jimla ɗaya suka rubuta, to ni da nake riƙe da takardar ta ina zan bambance?

Turawa suna ce wa wannan abin ƙwarewa mai taushi, kuma sunan daga sojojin Amurka ya fito. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1972, shekarar da suka yi taro musamman a kai, sun kasa horon soja gida biyu, wanda ya shafi sarrafa inji da makami shi ne mai tauri, wanda kuma babu inji a ciki kamar jagorantar mutane da ba da umarni da sa ido kan na ƙasa, suka ce masa mai taushi. Sunan nan ya cuci abin gaskiya, don mutum yana jin taushi sai ya ɗauka ai wannan ba sai an koya ba, fara'a ce kawai da gaisuwa.

Ni ga yadda nake kallonsa. Kowane ma'aikaci tsada biyu gare shi, akwai albashin da ake biyansa, akwai kuma ciwon kan da ake sha kafin a samu aiki daga hannunsa. Sau nawa sai an tuna masa? In ya ce ya gama, ya gama ɗin ne ko sai an sake dubawa? In an gyara masa kuskure kwana nawa zai yi yana cin magani? In abu ya lalace a hannunsa yau, yau za a ji ko sai ranar da kwastoma ya kira yana faɗa? Iya mu'amala shi ne rage wannan tsadar ta biyu, shi kenan. Shi yasa zaka ga mutum mai ladabi ƙwarai, ko me aka ce masa sai ya rusuna ya ce to ranka ya daɗe an gama, alhali bai ma fahimci abin da aka ce ba kuma kunya ta hana shi tambaya, irin wannan mutumin kirki ne amma aiki da shi wahala ce. Zaka kuma ga wani shiru-shiru, ba ya hira ba ya dariya sosai, amma in ya ce maka Laraba to Laraba ce, in kuma ba zata yiwu ba tun Litinin zai faɗa maka. Na biyun nan shi ne ya iya mu'amala a ma'anar da masu ɗaukar aiki suke biyan kuɗi a kanta.

Ba raina ilimi nake ba, kar a fahimce ni a baibai. Amma akwai wani bincike da ya daɗe yana burge ni na James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a 2000. A Amurka akwai wata jarrabawa GED da wanda ya bar sakandare bai gama ba zai iya rubutawa ya samu takarda daidai da ta wanda ya gama. Heckman ya duba sai ya ga masu GED ɗin nan a kaifin ƙwaƙwalwa kusan kunnen doki suke da waɗanda suka gama sakandare, amma a samun kuɗi da daɗewa a wurin aiki sun fi kama da waɗanda suka gudu daga makaranta. Ƙwaƙwalwar tana nan, abin da babu shi ne juriyar zuwa kullum, da gama abin da aka fara, da bin ƙa'ida ko ba ka so. Wato takardar gama makaranta ma ashe ba ilimi kaɗai take shaida ba, tana shaida cewa ka iya tashi kowace safiya shekara da shekaru ka je inda ake jiranka.

David Deming na jami'ar Harvard kuma ya bi kasuwar aiki ta Amurka daga 1980 zuwa 2012, ya gano kason ayyukan da ke buƙatar yawan hulɗa da mutane ya ƙaru da kusan maki 12 cikin 100, su kuma ayyukan da lissafi ne zalla ba hulɗa kasonsu ya ragu da maki 3.3. Inda aka fi samun ƙaruwar aiki da albashi shi ne wurin da ake buƙatar biyun a haɗe. Dalilin ba ɓoyayye bane, duk aikin da za a iya rubuta shi mataki-mataki kwamfuta zata iya karɓe shi, amma zama da mutum biyar masu ra'ayi biyar a fito da matsaya ɗaya har yanzu sai mutum.

To amma fa a nan ma akwai 'yan kasuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa irin tarukan nan na zaburar da matasa ya ji an ce wai bincike ya nuna kashi 85 na nasara a aiki daga mu'amala ne, 15 kawai daga ilimi, har a jingina wa Harvard don ta yi nauyi. In ka bi diddigi sai ka ƙare a wani rahoto na 1918 kan koyar da injiniyoyi a Amurka, wanda ra'ayin injiniyoyi kawai aka tambaya ba nasarar kowa aka auna ba. Ɗayar kuma ita ce wai kashi 7 ne kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska da jiki. Wannan daga gwajin Albert Mehrabian ne na 1967, kuma gwajin a kan kalma ɗaya tak da aka naɗa da hotunan fuska ne, ana so a ga wanne mutum zai yarda da shi in kalma da murya suka saɓa wajen nuna so ko ƙi. Shi kansa mutumin ya ce ba a ɗora lissafin a kan kowace irin magana. In da gaskiya ne ai da sai ka kalli labarai da yaren da ba ka ji ka fahimci kashi 93. Ina kawo wannan ne saboda na sha ganin yaro ya shiga intabiyu ya haddace yadda zai zauna da inda zai ajiye hannu, amma bai shirya abin da zai faɗa ba.

Tambaya ta gaba, ana iya koyon abin nan kuwa ko hali zanen dutse ne? Amsar tana da daɗi tana da ɗaci. A Jodan masu bincike na Bankin Duniya sun ba 'yan mata da suka gama kwaleji horo na awa 45 kan irin wannan ƙwarewa, da aka bibiye su daga baya ba a ga ya ƙara musu samun aiki ba. A Indiya kuwa, a masana'antun ɗinka tufafi na Bangalore, an ba mata ma'aikata horo kaɗan-kaɗan duk mako har kusan shekara, suna koyo suna komawa kan kekensu suna gwadawa, sai aikin da suke fitarwa ya ƙaru sosai. A Lome ta Togo an gwada da masu ƙananan sana'a 1,500, waɗanda aka koya wa tashi tsaye da kansu, da hango matsala kafin ta zo, da ƙin jiran sai an ce yi, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a shekara biyu, waɗanda aka ba darasin kasuwanci na gargajiya kuma kashi 11. Abin da na fahimta daga ukun nan shi ne ana koya, amma ba a zaune a ɗakin taro ana tafi ba, sai an haɗa da aiki na gaske inda zaka yi kuskure a gyara maka. Don haka satifiket ɗin kwas na kwana biyu ka sa shi a CV in kana so, ba laifi, kar dai ka ɗauka ya canza ka. Na Indiya ɗin akwai wani abu a ciki da zan dawo kansa, wato aikinsu ya ƙaru amma albashinsu da kyar ya motsa.

Mu zo kan neman aikin kansa. A wani bincike da ya wallafa a farkon shekarun 1970, Mark Granovetter ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka samu aikinsu, fiye da rabi suka ce ta hanyar wani da suka sani ne. Wannan ba sabon labari bane, kowa ya sani. Sabon shi ne da ya tambaye su waye wannan mutumin, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce wanda suke yawan haɗuwa da shi ne, sauran duk wanda ake gani jefi-jefi ne ko da wuya, tsohon abokin aiki, wanda aka yi aji ɗaya da shi, abokin aboki. Dalili kuwa, aminanka na kusa abin da ka sani shi suka sani, inda kake shiga nan suke shiga, labarin da ba ka da shi yana wurin wanda yake wata duniyar daban. Mutanen da ya tambaya ba su da yawa, amma a 2022 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kan mutum sama da miliyan 20 na tsawon shekara biyar, ya kuma nuna hakan, cewa sanayya tsaka-tsaki, ba ta ƙut da ƙut ba kuma ba baƙo sarai ba, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki.

Na san wani zai ce ai wannan shi ne uwa a gindin murhu da muke kuka da shi. Akwai bambanci. Wancan shi ne a ɗauke ka duk da ba ka cancanta ba saboda wane ya ce. Wannan kuma shi ne wani da ya taɓa ganin aikinka ya ji an buɗe gurbi ya tuna da kai, ko ya ce wa manaja na san shi, in ka ba shi abu zai yi. Mai ɗaukar aiki tsoro yake ji, bai san ka ba, takarda kuma kowa da ita, to duk abin da zai rage masa tsoron nan kuɗi ne. A Afirka ta Kudu an gwada wannan, aka tura takardun neman aiki wasu da wasiƙar shaida daga tsohon uban gida wasu babu, masu wasiƙar suka samu kira da kusan kashi 60 cikin 100 fiye da marasa ita. Takarda ɗaya fa, wadda yawancin mutane ba sa ma tunanin nema.

Sai dai zumunta a ƙafa take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da rabonka da shi shekara huɗu, saƙonka na farko gare shi kar ya zama don Allah a taimaka min da aiki ko wane iri ne. Wannan ko wane iri ne ɗin shi ke kashe maganar, don ka ɗora masa aikin tunanin me ka iya, ina ka dace, wa zai yi wa magana, shi kuma da nasa ya ishe shi. Ka sauƙaƙa masa: ga abin da na iya, ga irin gurbin da nake nema, na ga wurinku suna neman mai kaza, wa ya kamata in tura wa? Tambayar da za a iya amsawa cikin minti ɗaya ita ake amsawa. Kuma in ya haɗa ka da wani, ko an dace ko ba a dace ba ka koma ka faɗa masa yadda aka ƙare, mutane da yawa a nan suke yanke igiyar da kansu ba su sani ba.

Intabiyu kuma, manyan wurare da yawa yanzu sun koma yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya suna ba da maki, saboda nazarin da aka tattara na shekaru, har da wanda Paul Sackett da abokan aikinsa suka fitar a 2022, ya nuna irin wannan intabiyu mai tsari yana sahun gaba wajen hasashen wanda zai iya aiki, ya fi yawan shekarun da mutum ya ce ya yi yana aiki nesa ba kusa ba. Tambayoyin kuma galibi ba su wuce ba mu labarin lokacin da kaza ya faru. Lokacin da ka saɓa da abokin aiki, lokacin da wa'adi ya kusa cika aiki bai kammala ba, lokacin da ka yi kuskure. Abin da ake so labari ne na gaske mai kai da gindi: ga halin da ake ciki, ga abin da ya rataya a wuyana, ga abin da ni na yi, ga yadda ta ƙare. Ka lura da ni ɗin nan, don wasu tawali'u yake sa su yi ta mun yi mun yi har a tashi ba a san me hannunsu ya taɓa ba. Ka shirya irin waɗannan labaran guda biyar ko shida tun a gida, ka faɗe su da baki ba a zuci ba, ka ji inda kake zagaye. Wanda bai taɓa aikin albashi ba ma yana da su, aikin rukuni a makaranta da mutum biyu suka ƙi yin nasu, aikin sa kai, wata hidima da aka ɗora maka ka kai ta ƙarshe.

Tambayar kuskure ɗin nan ita ce tarko mafi girma, kuma ba don a kama ka ake yinta ba. Wanda ya ce shi bai taɓa kuskure ba, ko ya ce aibinsa ɗaya shi ne ya cika son aiki, ya riga ya faɗa wa masu tambayar cewa ranar da ya ɓata abu ba za su ji daga bakinsa ba. Haka in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, cewa gaskiya ban taɓa yin wannan ba amma ga yadda zan bi in gano, ya fi kame-kame sau goma, don su sun san amsar kuma suna kallonka kana iyo a tudu. Sannan kar ka zagi inda ka baro ko da sun cancanci zagin, mai sauraro lissafi yake yi cewa watarana haka zaka zauna a wani wurin ka yi da shi.

To an ɗauke ka, barka. Watannin farko a nan ake yanke maka hukuncin da zai daɗe yana binka, kuma da ƙananan abubuwa ake yanke shi. Babba a cikinsu a wurina shi ne mayar da bayani. An ba ka aiki, kafin ka tashi ka maimaita abin da ka fahimta da ranar da ake so, in ka gama ka ce na gama ga shi, in ya tsaya ka ce ya tsaya a wuri kaza saboda kaza. Oga ba ya son ya riƙa ɗauke da aikinka a kansa yana tunanin ko an yi ko ba a yi ba, duk ranar da ya gane cewa in ya miƙa maka abu zai iya mantawa da shi, ka zama mutum mai daraja a wurin nan ko da akwai waɗanda suka fi ka iyawa. Rubutu ma haka, imel ko saƙon waya, ka fara da abin da kake so a yi da kuma yaushe, tarihin ya biyo baya, ba sai mutum ya karanta layi goma sha biyar yana neman inda maganar take ba.

Mummunan labari kuma da zafinsa ake kai shi. Amy Edmondson ta Harvard ta yi wani bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanci mai kyau su ne za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai lissafi ya fito a juye, su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta bincika sai ta gane ba wai sun fi yi bane, sun fi faɗa ne, sauran ɓoyewa suke don tsoro. Kamfanin Google ma da ya nazarci rukunoni 180 na ma'aikatansa tun daga 2012, abin da ya fito a kan gaba wajen bambance rukunin da ke aiki da kyau shi ne mutum ya iya tambaya ko ya amsa kuskure ba tare da tsoron a ci masa fuska ba. Gaskiya wannan ya fi rataya a wuyan shugaba, ba kai sabon zuwa zaka gyara wurin da ake cin mutuncin mai faɗin gaskiya ba, kuma akwai wuraren da duk iya zamanka ba zaka ci gaba ba saboda son kai ko wariya, irin nan maganinsa ka tara abin da zaka tara ka nemi gaba. Amma a wuri mai lafiya, matsalar da ka kai ranar Litinin tare da shawarar mafita sunanta aiki, ita ɗin dai in ta fashe ranar Juma'a sunanta laifinka.

Karɓar gyara kuwa ba sai na ja ba. Ka saurara har a gama, ka tambayi misali in ba ka gane ba, ka bar kare kai zuwa gobe in har goben kana ganin akwai abin karewa. Wanda ake jin tsoron gyara masa, daina gyara masan ake yi, shi kuma ya ɗauka ya ƙware.

Yanzu mu koma kan matan nan na Indiya da aikinsu ya ƙaru albashi bai bi ba, don a nan ne maganar ƙarin girma take. Iya aiki da iya mu'amala suna ƙara maka daraja, amma kamfani ne zai cinye darajar in ba wanda ya san daga wurinka ta fito. An raine mu da yawa a kan cewa yabon kai jahilci ne, ka yi shiru aikinka zai yi magana, to aiki ba shi da baki. Ranar da ake zaman ƙarin girma ba ka cikin ɗakin, wani ne zai ambaci sunanka ko ya manta. Shi yasa ake bambance mai ba ka shawara da mai tsaya maka, na farko da kai yake magana, na biyu a kanka yake magana a inda ba ka nan kuma mutuncinsa yake jinginarwa. Ba a roƙon na biyun, aikinka ne da ya gani da idonsa sau da yawa yake sa shi. Abin da zaka iya yi shi ne ka riƙe ɗan littafi ko fayil, duk ƙarshen mako ka rubuta me ka kammala da abin da ya jawo, da adadi in akwai, saboda in lokacin tantance ma'aikata ya zo kai kanka ba zaka tuna abin da ka yi wata takwas baya ba balle oganka. Wannan ba fariya bane, rahoto ne. Kuma tun da wuri ka zauna da shi ka tambaya kai tsaye, me ake so a gani a wurina kafin in hau mataki na gaba? In ya faɗa ka rubuta, bayan wata shida ka dawo da takardar.

Akwai kuma wani ramin da masu kirki suka fi faɗawa. Linda Babcock da abokan aikinta sun nuna a 2017 cewa akwai ayyukan da dole wani ya yi su amma ba sa kai kowa ko'ina, rubuta bayanin miting, shirya walimar ofis, zama a kwamitin da ba wanda ke so, kuma mata aka fi nema su yi, su ne kuma suka fi cewa to. Yin su ba laifi bane, amma in kullum ke ce, 'yar uwa, shekara zata ƙare kowa yana yabonki da kirki a ba wani kujerar. Iya cewa a'a ba tare da an ɓata ba shi ma cikin iya mu'amala yake, na yi na wancan watan, wannan karon a ba wani mu riƙa juyawa, ko kuma ki ce wa oga ga abu uku a hannuna wanne zan ajiye in ɗauki wannan?

Wani abin da ba a cika faɗa ba, ƙarin girma sau da yawa canjin sana'a ne gaba ɗaya. Tun 1969 Laurence Peter ya yi shaguɓen cewa ana ta ɗaga mutum har sai an kai shi matakin da bai iya ba sannan a bar shi a nan, kuma a 2019 wasu masana uku, Benson da Li da Shue, suka duba dubban masu sayar da kaya a kamfanonin Amurka suka ga haka ɗin ne, wanda ya fi kowa ciniki shi aka fi mayarwa manaja, kuma na ƙarƙashinsa sun fi yin ƙasa a hannunsa, waɗanda suka saba yin ciniki tare da wasu su suka fi iya riƙon mutane. Don haka in kujerar shugabanci kake hange, fara gwada hannunka tun yanzu, koya wa sabon zuwa aiki, raba aiki ka bar mutum ya yi ko da ba yadda kai zaka yi ba, ka ga ko zuciyarka zata ɗauka. In ka ga ba ka jin daɗinsa sam, ba dole bane, wurare da yawa suna da hanyar da ƙwararre zai hau ba tare da ya riƙe kowa ba, ka tambaya ko akwai.

Ranar barin wuri ma aiki ce. Ka ba da sanarwa daidai yadda yarjejeniyarku ta ce, ka rubuta wa wanda zai gaje ka inda komai yake da abin da ya rage da wanda ake kira in kaza ya tsaya, ka danne sha'awar nan ta amayar da duk abin da ke cikinka a makon ƙarshe. Sannan kafin ka miƙa makulli ka nemi wasiƙar shaidar nan tun oga yana tuna ka, ka roƙe shi kar ya tsaya a yaro ne mai ladabi da biyayya, ya ambaci abu biyu ko uku takamaimai da ka yi da hannunka, ya sa lambar da za a same shi in ana son tabbatarwa. In ya ce ba shi da lokaci, ka ce zaka rubuto masa jerin ayyukan ya duba ya zaɓa, yawanci a nan suke cewa to turo.